Taura Biyu Ba Ta Taunuwa



Wani magidanci daga cikinmu ya same mu bayan sujada da takardu biyu a hannunsa. Ya yi shekara uku yana neman aiki, sai ga shi a mako guda an kira shi wuri biyu, ɗaya a Kaduna, ɗaya a Abuja. Aikin iri ɗaya ne, albashin ma kusan ɗaya. Amma ya ce tun ranar da takardun suka iso bai yi barcin kirki ba. Yana tsoron kada ya zaɓi wanda ba nufin Allah ba ne, ya jefa matarsa da 'ya'yansa cikin wahala. Mun san ba shi kaɗai ba ne, shi ya sa muka ga ya kamata mu yi tunani tare a kan wannan al'amari.

Da farko mu gode wa Allah, gama mutane da yawa suna neman ƙofa ɗaya ba su samu ba. Bayan haka mu gane cewa idan ayyuka biyu sun yi daidai, abin da muke zaɓa a gaskiya shi ne irin zaman da za mu yi a garin.

A cikin Littafin Farawa, sura 13, makiyayan Ibrahim da na Lutu sun yi ta faɗa domin ƙasar ta yi musu kaɗan. Ibrahim ya bar wa ɗan ɗan'uwansa zaɓi. Lutu ya ɗaga ido, ya ga kwarin Urdun cike da ruwa, ya ɗauka, ya kafa alfarwarsa kusa da Saduma. Ya duba abin da dabbobinsa za su ci, amma bai tambayi irin maƙwabtan da 'ya'yansa za su tashi a cikinsu ba. Mun san yadda ya fita daga can hannu wofi. Ba muna kiran wani garinmu Saduma ba ne. Kuskuren Lutu shi ne ya auna abu ɗaya tak.

Saboda haka mu auna duka. Tun da gwamnati ta koma Abuja a 1991, ma'aikata da yawa ba sa iya biyan haya a cikin birnin, sai su zauna a Nyanya, Mararaba, Kubwa ko Suleja. Wanda ya fita da asuba ya dawo da dare, yaushe zai yi addu'a da iyalinsa? Kaduna ma tana da nata nauyin, gama wanda yake kusa da gida, dangi ba sa barin ƙofarsa. Mu tambayi kanmu: Iyali za su bi mu, ko za a raba gida biyu? Ina makarantar yara? Ina Ikilisiya mafi kusa? Wa zai kai tsofaffinmu asibiti? A cikin wasiƙarsa ta 1981 a kan aikin ɗan Adam, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya koya mana cewa darajar aiki daga mai yinsa take fitowa, kuma aiki yana nan domin ya riƙe iyali. Aikin da ya ciyar da gida ya kuma watsa shi, riba ce ko hasara?

Waliyyi Ignatius na Loyola, mutumin Sifen wanda ya rasu a 1556, ya bar wa Ikilisiya hanya mai kyau ta yin zaɓi tsakanin abubuwa biyu da ba zunubi a cikinsu. Mu tsai da zuciyarmu a tsakiya kamar ma'auni, mu roƙi hasken Ruhu Mai Tsarki, mu jera amfanin kowanne da illarsa. Sa'an nan mu ɗauka wani baƙo ne ya zo mana da wannan matsala: wace shawara za mu ba shi? Kuma a ranar mutuwarmu, wanne za mu so a ce mun zaɓa?

Kada miji ya yanke shi kaɗai, gama matarsa ce za ta zauna a garin nan tare da shi. Mu nemi shawarar dattawa da ta Fada. Idan da hali mu je mu ga garuruwan da idonmu, domin zuwa da kai ya fi saƙo.

Bayan mun zaɓa, mu miƙa wa Allah, mu rubuta wa ɗaya wurin da ladabi da wuri, domin wani ɗan'uwa yana jiran wannan gurbi. Kada kuma mu yi ta waiwaye. Allah bai ɓoye nufinsa a gari ɗaya domin ya kama mu da laifi ba. Ubangijin da yake kan bagade a Kaduna, shi ne a Abuja.

Bari Maryamu Uwarmu da Waliyyi Yusufu ma'aikaci su yi roƙo domin dukan masu neman aiki da masu zaɓi. Amin.