Gardin da Ya Ɗaure Kansa da Igiya

A ƙarshen shekarun 1980, lokacin da azumi ke faɗowa a tsakiyar bazara, an yi wani gardi a wata tsangaya da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Zurmi. Ya yi sauka, ya shiga hadda, in an hura wutar karatu muryarsa daban take fita. Da guminsa yake ci kamar sauran gardawa: da rana yana dakon buhuna a bakin tasha, ranar Alhamis kuwa da ba a karatu sai ya hau mota zuwa kasuwar Shinkafi, ya yini yana yi wa fatake lodi.

Da goman ƙarshe ta kama, sai ya ɗaukar wa kansa alkawarin ba zai kai haƙarƙarinsa ƙasa ba sai an ga watan Salla. Kowane dare izu ashirin da ka, sauka uku ke nan kafin Idi. Daren farko ya wuce lafiya. A na biyu ya haɗa da goro da shayi mai kauri. A na uku ya tsoma ƙafafunsa cikin ruwan randa. A na huɗu da ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya samo igiyar rama, ya ɗaura gefe ɗaya a azarar rumfa, ɗaya a ƙirjinsa, don in ya yi gaba ta fizgo shi.

Wajen ƙarfe uku Alaramma ya fito alwala, ya tarar da shi a tsaye, ido a rufe, baki na tafiya. Ya kasa kunne. Gardi yana cikin Baƙara, a labarin shigar Bani Isra'ila alƙarya, sai ya zame ya faɗa A'arafi inda labarin ya zo da lafazi mai kama da wannan, daga can ya sake komowa Baƙara. Haka yake ta kewaye bai sani ba.

Alaramma bai yi masa faɗa ba. Ya kwance igiyar, ya miƙa masa ƙwaryar fura, ya ce, "Kai wa Baba Ɗan-Bama sahur a sito. Kada ka dawo sai ya sallame ka."

Wannan tsoho shi ke gadin siton kaya na tasha. Tsohon soja ne, cikin dubban 'yan Arewa da Turawan Ingila suka kwasa zuwa Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya dubi jajayen idanun gardi da sawun igiya a rigarsa, ya ce, "Zauna, malam ƙarami. Yaushe rabonka da barci?"

"Kwana huɗu ke nan, Baba."

"Me ka ci da shan ruwa?"

"Ƙosai da kunu, sai tuwo malmala uku."

Tsoho ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Tun ina saurayi nake gadi, ban taɓa kayar da barci ba, sulhu muke yi da shi. Iri uku ne. Akwai na gajiya, maganinsa kwanciya. Akwai na ciki, maganinsa rage loma. Akwai na zuciya, wanda ke zuwa in hankali ya gundura da abin da ake yi, shi kaɗai ake yi wa dabara. Kai ka tara duka ukun, ka ce igiya za ta raba ku."

Ya kurɓi fura, ya ci gaba. "A 1944 muna kwarin Kaladan da runduna ta 81, muka sauka kusa da wani gidan ibada na mabiya Buda. Ni ke kan gadi. Can cikin dare sai ga wani tsoho, kai a aske ƙwal, ya yafa mayafi ruwan goro, yana takawa daga wannan itace zuwa wancan, ya juyo, ya koma, a hankali ƙwarai. Na ɗauka ɗan leƙen asirin Japan ne, har na gyara bindiga. Tafintanmu ya riƙe ni, ya ce ibada yake, gyangyaɗi ne ya taso masa a zaune shi ya sa ya miƙe. Wai haka malaminsu na farko ya koya wa wani almajirinsa."

"Me ya koya masa, Baba?"

"Matakai ne, in wannan bai yi ba a hau na gaba. Da farko, tunanin da kake ciki barcin ya zo, sake shi, kama wani. In bai tafi ba, juya ma'anar karatunka a zuci. In bai tafi ba, ɗaga murya ka karanta a fili. Sai jan kunnuwa biyu da murza gaɓoɓi. Sai a tashi a wanke ido, a dubi gabas da yamma, a ɗaga kai ga taurari. Sai a riƙe hasken rana a zuci ko da dare ne. Sai a yi ta kai da komo kamar yadda na ga tsohon nan yana yi. In duk an yi bai tafi ba, to na gajiya ne: a kwanta ta gefen dama da niyyar tashi, kuma da an farka a miƙe, ban da juye-juye a shimfiɗa."

Abin da tsohon soja ya ji a bakin tafinta yana nan a rubuce cikin Anguttara Nikaya, ɗaya daga tsofaffin littattafan mabiya Buda da ke cikin harshen Pali. Almajirin sunansa Mogallana, abin kuma ya faru a wani ƙauye na ƙasar Magada, jihar Bihar ta Indiya a yau, kimanin shekara 2,500 da suka wuce. A makonsa na farko da shiga hanyar gyangyaɗi ya addabe shi, amma daga baya ya zama ɗaya daga manyan almajiran Buda guda biyu.

Gardi ya ɓata fuska, ya ce, "Baba, ai waɗannan ba Musulmi ba ne."

"Na sani. Addininsu daban, namu daban, amma barcin da ke kama su shi ke kama ka. Tashi ka tambayi malaminka."

Bayan sallar asuba ya kwashe labari ya faɗa wa Alaramma. Alaramma ya ce, "Da ka leƙa littattafan hadisi da ba sai an kai ka Bama ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga masallaci ya ga igiya tsakanin ginshiƙai biyu. Aka gaya masa ta Nana Zainab ce, tana riƙewa in ta gaji da tsayuwa. Ya sa aka kwance ta, ya yi umarni mutum ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna. Ibnu Abbas yana yaro ya bi shi sallar dare a ɗakin Nana Maimuna, in ya fara gyangyaɗi sai ya kama masa kunne. Mai gyangyaɗi a masallaci ranar Juma'a an ce ya sauya wurin zama. Nana A'isha kuma ta ruwaito cewa wanda barci ya rinjaya a salla ya je ya kwanta, don kada ya zo neman gafara ya ɓuge da zagin kansa. Kai jiya ayoyin Allah kake cakuɗawa."

"Allah gafarta Malam, ai an ce a raya goman ƙarshe."

"An ce. Amma wanda bakinsa ke karatu hankalinsa na barci, me ya raya? Mai son raya dare tun da rana yake shiri."

Daga ranar gardi ya sake tsari. Ya bar dako daga azahar, yana yin ƙailula a inuwar rumfa. Da shan ruwa ya tsaya ga dabino da kunu da 'yar loma, sauran ya bar wa sahur. Bayan asham ya kwanta, ya sa wani titibiri ya tashe shi ƙarfe ɗaya. Izu ashirin ya mai da su goma. In ido ya fara nauyi sai ya tsaya ya tambayi kansa wane iri ne ya zo. Wani lokaci ɗaga murya kawai ke korar shi. Wani lokaci sai ya sake alwala, ya fita fili ya dubi sama, ya ƙarasa izun yana takawa tsakanin bishiyoyin dalbejiya biyu na ƙofar tsangaya. A daren Alhamis da ya dawo daga Shinkafi a gajiye, ya gwada duka ba su yi ba, sai ya kwanta ba tare da jin ya yi laifi ba, ya tashi kafin sahur ya cika abin da ya rage. Da aka ga wata, sauka ɗaya tak ya samu maimakon uku, amma babu ayar da ta wuce shi bai san ya karanta ta ba.

Darasin bai tsaya ga mai tilawa ba. Ya shafi ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura da ke kwana kan littafi daren jarrabawa, ya shafi direban da ya taso daga Gusau da goro a kunci. Goro da shayi ɓoye gajiya suke yi, ba sa kawar da ita, shi ya sa Hausawa suka ce ba a cin bashin barci. Kasala ana yaƙar ta da dabara, daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi. Gajiya kuwa haƙƙin jiki ce, biyan ta ake yi. Wanda ya iya bambance su, kaɗan ɗin da ya yi a farke zai amfane shi. Wanda ya kasa, ga wahalar tsayuwa ya sha, ga karatun bai samu ba.