Ambaliya da Rufin Asiri

Akwai wata tambaya da nake so in ajiye a gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu. Idan ruwa ya ci gidan mutum, shin labarin nasa ne shi kaɗai, ya ɓoye in ya ga dama, ko kuwa jama'a suna da haƙƙi a cikinsa?

Abin da ya jawo tambayar shi ne wata ɗabi'a da ta yaɗu a duniya, watau mazauna unguwa su riƙa bayar da labarin inda ruwa ya kai da ranar da ya kai, a tara a taswira guda a intanet, kowa ya duba kyauta. A Jakarta ta Indonesiya akwai PetaBencana, inda mai waya kan aika hoto da zurfin ruwan layinsu nan take. A Darussalam ta Tanzaniya kuwa, a 2015 ɗaliban jami'a suka soma bin lungu-lungu tare da mutanen unguwa suna zana magudanai, aikin da aka kira Ramani Huria.

To, mu dawo gida Kano. Babbar ambaliya ba ta rasa marubuci. Fashewar madatsar ruwa ta Bagauda a 1988 tana cikin littattafai, haka nan ruwan da ya shiga Kantin Kwari a 2022 ya sha jarida, domin dukiya mai yawa ya taɓa. Amma ruwan da kan shiga zaure a Kwaciri, a nan ƙaramar hukumar Fagge, ya jiƙa hatsi, ya zubar da katangar ƙasa, ya janye kafin asuba, wa ke rubuta shi? Tauraron ɗan'adam ba ya ganin kwatar da leda ta toshe. Hasashen da hukuma kan fitar kowace shekara sunan ƙaramar hukuma yake kamawa, ba ya sauka zuwa lungu. Masu sanin abin su ne mai unguwa, da tsohuwar da ta tuna inda kududdufi yake kafin a cike shi, da mai shagon da ya ɗaga ƙofarsa da bulo uku.

Sai dai fa mai ƙin magana yana da hujja, kuma bai kamata mu 'yan boko mu yi masa dariya ba. Bahaushe ba ya roƙon abin da ya fi rufin asiri. Ran da aka sa gidan mutum a taswira an karya masa farashi, ɗan haya zai gudu, watakila ma masu rusau su biyo sawu. Sau da yawa kuma talauci ne ya kai shi gini a kan hanyar ruwa, nan ne kaɗai kuɗinsa suka kai.

Duk da haka, a ganina, asiri shi ne abin da cutarsa ba ta wuce mai shi. Ruwa kuwa bai san iyakar fili ba. Mu dubi baƙon da ya zo neman ɗaki a Sabon Gari, dillali ya nuna masa da rani, ƙasa a bushe ƙayau, ya biya kuɗin shekara, ya tare da iyali. A watan Agusta zai gane abin da kowa a layin ya sani. Shirun da aka yi masa ba sutura ba ce, ha'inci ne, ko da babu wanda ya faɗa masa ƙarya.

Saboda haka a faɗi layi, da rana, da inda ruwa ya tsaya, a idon sawu ne ko a gwiwa, amma a sakaya sunan mai gida. Mai bayar da labari kuma kada ya ƙara gishiri don sa ran tallafi, domin shaidarsa guda za ta sa a ƙaryata ta unguwa duka.

Nauyin da ya fi girma yana kanmu, mu da za mu je da takarda da biro. In muka kwashe sanin mutanen Kwaciri muka mayar da shi kundin digiri da Turanci, muka kulle a ɗakin karatu, ai karɓa muka yi ba mu mayar ba. Taswirar tana bukatar a rubuta ta da Hausa, a manna a ƙofar mai unguwa kafin ruwan farko ya sauka.