Kada Tsadar Rayuwa Ta Raba Mu Da Walwala



Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin man fetur, babu gidan talakan da bai ji a jikinsa ba. Kuɗin mota ya ninka, kwanon masara ya yi tashin gwauron zabo, magidanci ya fita da tunani ya dawo da tunani. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma akwai wata asarar da mu muka jawo wa kanmu: mun bar gidajenmu sun yi tsit, ba raha, ba tsaraba, ba hirar dare. Mun ɗauka jin daɗi sai mai kuɗi.

Wayar hannu ta ƙara rura wutar. Yarinya ta ga bikin 'ya'yan manya a TikTok, sai ta raina lallen da ƙawarta ta zana mata. Uwa ta ci bashi don anko, uba ya sayar da akuyar gida don kada a ce ya gaza. A tashi biki a yini guda, a shekara ana biyan bashi da ɓacin rai. Ina daɗin yake?

Iyayenmu sun ga fari, sun ga yunwa, amma ba su daina shigowa gida da wani abu a hannu ba. Karan rake, ƙullin aya, dakuwa, tuwon madara. Ku tuna yadda abin yake: maigida ya yi sallama, yara su rugo da "Baba oyoyo", ya miƙa ƙosai mai zafi, mai ya jiƙa takardar, yaji a ƙulle a gefe. Babbar yaya ta raba, auta ya fara zaɓa. Yaro zai girma ya manta kuɗin da aka kashe masa, amma ba ya manta wannan. Ya kai magidanci, ko sau ɗaya ne a mako, kada ka shigo hannu rabbana alhali kana da halin ƙosan nan. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, in an haɗa su kuwa sai godiya.

Haka nan abin da hannu ke ƙirƙira. Yaron da ya fere karan dawa ya haɗa mota, ya yanka tsohon silifa ya yi mata taya, ya samu abin wasa, ya kuma koyi haƙuri da dabara. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Iyaye mata, ku dawo da tatsuniya bayan sallar isha'i, ku bar Gizo da Ƙoƙi su sake shiga kunnen 'ya'yanmu. Ku zaunar da 'yan mata su koyi kitso, saƙa da ɗinkin hula, ku bar su su yi gaɗa a tsakar gida. Samari, dara ba ta bukatar data: ramuka 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, hira ta yi daɗi. Idan azumi ya kai kwana goma, a bar yara su yi tashe cikin tarbiyya da sa idon manya.

Garuruwanmu ma cike suke da wuraren da ba sa cin aljihu. Mutum ya tsufa a Kano bai taɓa hawa Dutsen Dala da 'ya'yansa ba, bai shiga Gidan Makama ba, bai tsaya a marinar Ƙofar Mata ya ga yadda ake tsoma farin yadi a baba ya fito shuɗi ba, alhali baƙi na tasowa daga Turai don su gani. Katsinawa na da Hasumiyar Gobarau, Daurawa na da rijiyar Kusugu. Hawan Sallar Kano da hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2024, kyauta ake kallonsa a bakin titi duk lokacin da aka yi shi.

Kada wani ya ɗauka ana kira ne zuwa ga sharholiya. Abinci, magani da karatun yara su ne kan gaba, daidai ruwa daidai tsaki. Sai dai addininmu bai san ɗaure fuska a matsayin tsoron Allah ba. Manzon Allah (SAW) ya sanya murmushi cikin sadaka, ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma hana mace raina kyautar da za ta kai wa maƙwabciyarta ko da ƙofaton akuya ne.

Don haka malamai, ku faɗa wa mutane wannan a kan mumbari. Masu hali, ku rage nuna isa a bukukuwa, kuna jefa talaka cikin gasar da ba zai iya ba. Maƙwabta, ku ci gaba da miƙa wa juna kwanon kunu ta katanga. Kai kuma mai karatu, kada ka jira sai ka yi kuɗi kafin iyalinka su ga dariyarka. Fara yau da abin da ke hannunka. Allah Ya ba mu wadatar zuci, Ya yaye mana ƙuncin da muke ciki, amin.