Afuwa Takan Mayar da Amana?

'Yan'uwa marubuta, mun saba a littattafanmu mai laifi ya tuba a babin ƙarshe, kowa ya yafe masa, a rufe littafi. To, amma akwai tambayar da ba kasafai muke amsawa ba: wanda ya ci amanar jama'a aka yafe masa, ya cancanci a sake damƙa masa wata amanar?

Mu ɗauki misalin Salisu Buhari, ɗan Kano, wanda ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a watan Yuni na 1999. Bai cika wata biyu ba mujallar The News ta tona cewa digirin da ya ce ya samo a Jami'ar Toronto ta Kanada na jabu ne, kuma shekarunsa 29 ne, alhali tsarin mulki na lokacin ya ce sai mai 30 zai shiga majalisar. Da fari ya musa, daga bisani ya amsa laifinsa yana hawaye, ya sauka. Kotu ta ci shi tarar naira 2,000, Shugaba Obasanjo ya yi masa afuwa, sannan a 2013 gwamnatin Jonathan ta sanya shi cikin hukumar gudanarwa ta Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka.

Wasu za su ce ai ɗan Adam ajizi ne, kuma wanda ya amsa laifinsa a bainar jama'a ya fi dubun da suka ci suka goge baki. Wannan gaskiya ne, domin kuwa al'ummar da ta toshe ƙofar tuba tana koya wa masu laifi su dage kan ƙarya. Sai dai afuwar shugaba hukunci kawai take ɗaukewa. Amana kuwa ta jama'a ce, su ke bayar da ita bayan sun ga aiki. Ɗalibin da aka kora saboda takardar jabu, me zai fahimta in ya ga mai irin laifinsa a kujerar masu kula da jami'a?

A Ingila an taɓa bin wata hanyar. John Profumo, ministan yaƙi, ya yi wa majalisa ƙarya a 1963 game da hulɗarsa da wata mace. Da asiri ya tonu ya bar siyasa, ya koma aikin sa-kai a Toynbee Hall, wata cibiyar taimakon talakawa a gabashin Landan, kimanin shekara 40, har ya rasu a 2006. Mutuncinsa ya dawo sannu a hankali, ba tare da ya sake neman muƙami ba.

Zuciya dai ta Allah ce, mu aiki muke gani. Saboda haka in za mu rubuta labarin mai tuba, kada mu tsaya a wurin hawaye. Mu bi shi mu ga abin da ya yi da shekarun da suka biyo baya. Allah Ya sa mu dace.