Wa Ke Duba Cikin Allo?

A shekarar 2005 aka kafa wani ƙaramin kamfani mai suna Grain Surfboards a garin York na jihar Maine, a Amurka. Cikin hajarsa har da allon hawan igiyar ruwa da ake sayarwa a wargaje cikin kwali, mai saye ya kai gida ya harhaɗa da hannunsa. Abin da ke cikin kwalin bai yi kama da allo ba ko kaɗan. Siraran falankan itacen sida ne, da dogon ƙashin baya na filawud, da haƙarƙarin da za a jera a kansa, da damin 'yan sanduna waɗanda za a lanƙwasa ɗaya bisa ɗaya har su zama gefen allon. Mai aikin yakan manne falankan su zama shimfiɗar ƙasa, ya ɗora ƙwarangwal ɗin a kai, ya gina gefe, ya cusa guntun katako mai kauri a inda 'yar wutsiyar da ke saita allon a ruwa za ta zauna. Wanda ke yi da yamma bayan an tashi daga aiki yakan ɗauki makonni.

Sai ranar rufewa. A shafa gam a kan kowane haƙarƙari, a kifa shimfiɗar sama, a danne ta da duk abin matsewar da ke gidan har da na aro, a bar ta ta kwana. Daga ranar nan ido ya yi sallama da cikin allon, sai dai in wata rana ya fashe.

To, me zai sa mutum ya zauna yana goge haƙarƙari da sanfefa, ya cire wanda ya ɗan karkace ya yanka wani, ya bi kowane lungu da buroshi, alhali shi kansa ba zai ƙara ganin wurin ba? Tambayar ta girmi allon nesa ba kusa ba, amma da wuya a sami sana'ar da ta fito da ita fili kamar wannan.

Mutanen Hawai na dā, waɗanda suka gwanance a wasan tun kafin jiragen Kyaftin Cook su iso tsibiran a 1778, ba su gamu da ita ta wannan fuska ba, domin allonsu dunƙulen itace ne. A sare koa ko wiliwili, a sassaƙe, a goge da dutse da murjanin teku, a shafe da man ƙwayar kukui. Mafi tsawo, wanda suke kira olo, na sarakuna ne. Sun kuma haɗa aikin da addininsu na gargajiya, har akan ajiye jan kifi a gindin bishiyar a yi roƙo kafin a sa mata gatari. Irin wannan allo ba shi da ɓoyayyen wuri. Ciki da waje itace ɗaya ne.

Wanda ya kawo kogo cikin lamarin wani Ba'amurke ne, Tom Blake, haifaffen jihar Wisconsin a 1902, nesa da kowane teku. Gwanin ninkaya ne. Ya haɗu da Duke Kahanamoku, zakaran ninkayar Hawai, a Detroit a 1920, kuma bayan shekara huɗu ya isa Honolulu. A gidan tarihi na Bishop ya sami damar gyara tsofaffin allunan wani basarake mai suna Paki, masu nauyin da ya haura kilo 60. Ya sassaƙa irinsu, nauyi ya dame shi, sai ya huda ɗaruruwan ramuka a jikin katakon ya rufe sama da ƙasa da siririn falanki. Da allo mai ramuka ya lashe gasar gaɓar tekun Fasifik a Corona del Mar a 1928. Daga baya ya bar huda dunƙule ya koma gina ƙwarangwal yana lulluɓewa, ya sami takardar mallakar ƙirar a 1932. A 1937 mujallar Popular Mechanics ta buga zanen yadda ake haɗa shi, matasa suka shiga gareji da zarto da ƙusoshi. Ke nan ƙera allo a gida kusan sa'an allon mai kogo ne.

Soson roba ya ture katako a ƙarshen shekarun 1950. Kamfanin Clark Foam na Kalifoniya ya zo ya mamaye kasuwa har ana ƙiyasta kusan kashi 90 cikin ɗari na soson da ake fere alluna da shi a Amurka daga wurinsa yake fitowa. Ranar 5 ga Disamba 2005 mai kamfanin, Gordon Clark, ya rufe masana'antar ba zato ba tsammani, yana kuka da matsin hukumomi kan sinadaran da yake amfani da su. Mutane suka waiwayi katako. A Ostireliya Tom Wegener ya farfaɗo da tsohon siririn allon Hawai da itacen paulownia. A Cornwall ta Ingila James Otter ya buɗe wurin da mutum zai je ya ƙera nasa.

Amsar farko da maƙerin allo zai bayar ba ta da alaƙa da addini. Zai ce teku ne mai duba aikin. Iskar da aka kulle a cikin allon tana kumbura idan rana ta buga shi, tana tsukewa idan ya faɗa ruwan sanyi. Shi ya sa ake sa masa 'yar ƙofar iska, a buɗe in an fito, a rufe in za a shiga ruwa. Wanda ya manta ya bar allonsa a rufe cikin mota da rana tsaka na iya dawowa ya tarar shimfiɗar sama ta ɓalle daga haƙarƙari, kuma daga wurin da gam ya yi ƙaranci take fara ɓallewa. Idan akwai ƙaramar kafa, tsukewar iskar na zuƙo ruwan gishiri ciki, katakon da ba a shafe ba ya sha, allon ya yi nauyi, ya fara ruɓewa ta inda ba a gani. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ji masu wannan ra'ayi, kuma a teku ya fi ƙurewa.

Blake ya kai wannan tunanin matuƙa. A tsufansa, bayan ya koma Wisconsin inda ya rasu a 1994, ya tsaya kan cewa halitta da Ubangiji abu ɗaya ne, har ya sassaƙa wannan aƙida a jikin wani dutse a bakin tafkin Superior. A ganinsa dokokin da ke tafiyar da igiyar ruwa su ne hukunci, su ne sakamako. Musulmi da Kirista duk za su ce ya haɗa abin da aka yi da Wanda ya yi shi. Amma ko an ajiye wannan gefe, alƙalin nasa yana da gajeren hannu. Teku yana kama kafa, ba ya kama niyya. Akwai allon da aka yi wa aikin ganin dama, ya yi sa'a ya shekara goma bai sha ruwa ba. Akwai wanda aka yi tsakani da Allah, igiya ɗaya ta maka shi a dutse a fitarsa ta farko. Ga kuma sassan da ruwa bai damu da su ba sam: ko an goge bakin haƙarƙari ko an bar shi da kaushi, allon zai yi iyo. In tsoron teku kaɗai ne dalili, to hankali ya ce a gyara iya abin da teku ke iya tonawa, sauran a yi masa kyan ɗan maciji.

Aflatun, masanin falsafar Girka ta dā, ya taɓa sa wannan matsala a bakin wani mai suna Glaucon a littafinsa na Jamhuriya, da labarin makiyayin da ya tsinci zoben da ke ɓatar da shi daga idon mutane, ya yi amfani da shi har ya kashe sarki ya haye gadonsa. Glaucon na ƙalubalantar Socrates, malamin Aflatun, ne ya nuna cewa adali zai ci gaba da adalci in aka ba shi irin wannan zobe. Amsar da littafin ya gina a hankali ita ce zalunci yana ɓata tsarin ran mai yinsa ko an gan shi ko ba a gan shi ba. Yawancin masu ƙera allo a gida a nan suke tsaye ko da ba su taɓa jin sunan Glaucon ba: su sun san abin da suka rufe, kuma sanin zai bi su cikin ruwa duk lokacin da suka ji allon ya yi ƙara a ƙarƙashin ƙafarsu. Amsa ce mai ƙarfi, sai dai ta dogara da cewa zuciyar tana da rai. Kafintan da ya saba cusa ruɓaɓɓen katako a cikin kujerar kushin ya lulluɓe da yadi mai sheƙi ya daɗe da daina jin komai, barcinsa yake sha.

Musulunci ya shigo batun ta ƙofa biyu. Ta farko haƙƙin mutane ce. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa, aka tuhume shi da rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda masu saye za su gani, aka kuma yi kashedi mai tsanani kan algus. Mai allo zai iya cewa wannan bai shafe shi ba, tunda wa kansa yake yi. Sai ƙofa ta biyu, wadda ba ta jiran mai saye. A Suratu Hud an umarci Annabi Nuhu ya ƙera jirgi bisa kulawar Ubangiji, jirgin da wata sura ta siffanta da alluna da ƙusoshi. A Suratu Saba'i an umarci Annabi Dawuda ya daidaita saƙar sulke, aka bi umarnin da tunatarwar cewa Allah yana ganin abin da ake aikatawa. Abin lura shi ne a wuraren nan biyu an haɗa sana'ar hannu, ta katako da ta ƙarfe, da ambaton gani. Hadisin Jibrilu kuwa ya fassara ihsani da wannan tunanin na sanin cewa ana ganin mutum ko shi bai gani ba. Bisa wannan fahimta, rufe allon bai rage yawan masu kallon da suka kamata a damu da su ba.

Zamani ya kawo wata sarƙaƙiya. Da wuya yau a rufe allo ba a ɗauki hoton ƙwarangwal ɗinsa an sa a Instagram ba, kuma gaskiya ƙwarangwal ɗin kan fi gamammen allon ɗaukar ido. Wasu ma sukan rubuta sunayen 'ya'yansu ko kwanan wata a jikin haƙarƙari kafin su rufe, sannan su ɗauki hoton rubutun. Ɓoyayyen aikin ya zama abin nunawa. Shin ya lalace ke nan? Fudailu bn Iyad, wanda ya rasu a Makka a shekara ta 187 bayan Hijira, ya gargaɗi mai aiki don mutane, ya kuma gargaɗi mai barin aiki saboda mutane, ya sa su duka cikin masu ciwo ɗaya. Wanda ya ƙi ɗaukar hoto don a ce ba shi da riya bai kuɓuta ba. Hotunan kuma suna da amfaninsu, domin da su sababbin shiga ke koyon inda ake ƙara katako da inda ake ragewa. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a dubi lungun da kyamara ba ta kaiwa, can ƙarƙashin hancin allon inda gefe biyu suka haɗu.

Ita kanta sana'ar tana taka wa mai wuce gona da iri burki. Sabon maƙeri mai tsoro yakan zuba gam fiye da kima, ya ƙara haƙarƙari, ya ninka ƙyallen zaren gilashin da ake lulluɓe allon da shi, a ƙarshe ya fito da abin da ba zai taɓa fashewa ba, kuma ba zai haye igiya da daɗi ba saboda nauyi. Ya mayar da allon inda Blake ya same shi. Umarnin da aka ba Annabi Dawuda na daidaitawa ne, kuma malamai sun daɗe suna raba kyautatawa da waswasi. 

Hujjar “wa kaina nake yi” ma ba ta cika daɗewa ba. Allon soso yakan lotse ya karye, na katako da aka kula da shi kuwa yana iya wuce mai shi. Allunan Blake sun bar hannun 'yan wasa sun shiga hannun ma'aikatan ceto a bakin tekun Amurka, aka riƙa ɗora mutanen da ruwa ya kusa ci a kan haɗin da wani ya manne a rumfar aikinsa shekaru kafin nan. Na gida ma yakan koma hannun ɗa, ko aboki ya ara, ko a sayar in kuɗi ya yanke. A nan hukuncin kasuwa ke dawowa, kuma duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san ta hana ɓoye aibin haja. Mai sayen tsohon allon katako yana da 'yan dabarunsa. Zai ɗaga ya ji nauyi, ya jijjiga kusa da kunne ko ruwa zai yi motsi, ya ƙwanƙwasa shimfiɗar sama yana neman inda sauti ya canza, ya buɗe ƙofar iska ya shinshina ko akwai warin ruɓa. Bayan wannan, labarin haƙarƙarin da ya tsage aka ɗaure da gam a daren rufewa sai in mai sayarwa ne ya buɗe baki ya faɗa masa.