Wasiƙun Celie: Shin Haƙuri Yana Nufin Kame Baki?

A 1982 marubuciyar Amurka Alice Walker ta fitar da littafinta The Color Purple, wanda ya sa a 1983 ta zama baƙar fata mace ta farko da ta ci kyautar Pulitzer a fannin ƙagaggen labari. Labarin Celie ne, 'yar shekara 14 a karkarar jihar Jojiya a farkon ƙarni na 20. Mutumin da take kira uba yana yi mata fyaɗe har ta haihu sau biyu. Ya ƙwace jariran, sannan ya ja mata kunne kada ta faɗa wa kowa sai Allah. Ita kuwa ta shiga rubuta wa Allah wasiƙu.

Abin lura shi ne, azzalumin da kansa ne ya tura ta ga Ubangiji. Ba tsoron Allah ne ya sa shi ba. So yake asirinsa ya rufu, kada maƙwabta su ji. To, miƙa kuka ga Allah yana nufin a ɓoye wa mutane?

An aurar da Celie ga Albert, wanda ya mayar da ita baiwa, ga duka ga wulaƙanci. Ƙanwarta Nettie ta tafi Afirka tare da masu wa'azin Kirista, tana aiko da wasiƙu shekara da shekaru, Albert yana ɓoye su a akwati. Sauƙi ya zo ta inda ba a zata ba: Shug Avery, mawaƙiya kuma farkar mijin, wadda aka kawo gidan ba ta da lafiya. Celie ta yi jinyarta, tana yi mata wanka, tana taje mata gashi. Shug ce ta fara zama ta saurari abin da aka yi wa Celie, ita ce ta taimaka aka gano wasiƙun, ita ce kuma ta tafi da ita Memphis, inda Celie ta kama sana'ar ɗinkin wanduna. Alaƙar tasu ta wuce ƙawance, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ake yawan neman cire littafin daga makarantun Amurka. Amma ko wanda bai aminta da hakan ba zai ga cewa Celie ba ta fara warkewa ba sai da ɗan Adam ya ji ta.

Musulunci ma bai ce addu'a ta hana magana ba. Da Ausu bin Samit ya yi wa matarsa Khaulatu bint Sa'alaba zihari, wato ya haramta wa kansa ita kamar mahaifiyarsa, ba ta zauna a ɗaki tana haɗiye baƙin ciki ba. Ta je gaban Manzon Allah (SAW) tana jayayya, tana kuma kai kukanta ga Allah, har aka saukar da farkon Suratul Mujadala, aka ɗora wa mijin kaffara. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i kuma ta yi wa wanda aka zalunta izinin bayyana abin da aka yi masa.

Saboda haka iyayen da 'yarsu ta yo yaji da kumburarren ido, suka ce mata "yi haƙuri, aure ibada ne" suka mayar da ita ba tare da bin ba'asi ba, ba addini suka kare ba. Su fara zaunar da ita su ji ta bakinta, su kira mijin ya amsa tambayoyi, kafin a yi maganar biko.