Ƙaddara da Alhaki a Tsibiran Maldif

Ƙasar Maldif, wadda ke cikin Tekun Indiya, tarin tsibirai ce kusan 1,200 da suka ginu a kan murjani, kuma mafi yawansu ba su ɗara saman ruwa da fiye da mita ɗaya ba, har masunci da ke komowa da yamma yakan hangi kawunan bishiyoyin kwakwa tun kafin ya ga ƙasar da suka tsiro a kanta. Masana sun auna cewa tsayin ruwan teku ya ƙaru da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, saboda ruwa yana kumbura idan ya ɗumama, ga kuma ƙanƙarar Girinlan da Antatika da ke narkewa tana kwarara cikinsa. A ƙasar tudu wannan ba abin lissafi ba ne, amma a Maldif gishiri ne cikin rijiya da zaizayar gaɓa. Tun da mutanen tsibiran Musulmi ne tun ƙarni na 12, tambayar da ke gabansu tsohuwa ce a ilimin tauhidi: shin wannan ƙaddara ce da sai haƙuri, ko kuwa aikin ɗan Adam ne da ke da mai ɗaukar alhaki?

Jabariyya, wato masu ganin bawa ba shi da zaɓi ko kaɗan, da Mu'utazilawa, masu cewa shi ke ƙagar aikinsa, sun tsaya a gefe biyu, yayin da Ash'arawa suka zo da batun kasabu, ma'ana Allah ne mahaliccin aiki, bawa kuwa shi ke tsiwirwirarsa da nufinsa, don haka ake tuhumarsa a kai. A kan wannan fahimta imani da ƙaddara bai hana yin sababi ba, kamar yadda Halifa Umar ya juya da mutanensa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, bai kuwa ɗauki hakan a matsayin gudun hukuncin Ubangiji ba. Katangar teku da aka zagaye Male, babban birnin ƙasar, da ita bayan ambaliyar 1987, da tsibirin Hulhumale da aka fara cikewa da yashi a 1997, duk irin wannan sababi ne, kuma babu mai hankalin da zai kira su raunin tawakkali.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne batun lamuni, wato wajabcin biyan ɓarnar da mutum ya jawo wa waninsa. Malamai sun yarda wanda masifa ta afka wa ya sami sanyin zuciya da ambaton ƙaddara, amma ba su yarda mai laifi ya fake da ita ba. Wanda ya juya indararonsa kan katangar maƙwabci har ta zube, ba zai ce wa alƙali ai ruwan sama na Allah ne ya tsira ba. Hayaƙin kwal da fetur da ya ɗumama duniya ya fito ne galibi daga Turai da Amurka, daga baya kuma Sin, rabon Maldif a ciki kuwa bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne fikihu ya saba da mai ɓarna guda sananne, alhali wannan ɓarna ta rarrabu a kan miliyoyin mutane, waɗansunsu sun mutu tun kafin a san illar abin, sai dai jahilci yana ɗauke zunubi ne, ba ya ɗauke biyan dukiyar da aka lalata, balle ga waɗanda suka ci gaba bayan sun sani.

Saboda haka asusun biyan asara da ƙasashen duniya suka amince da kafawa a Sharm el-Sheikh a 2022, idan aka auna shi da wannan ma'auni, ba sadaka ba ce da mai bayarwa zai jira godiya a kanta. Bashi ne, kuma jinkirta shi ga mai halin biya zalunci ne.